Keken koyon tafiya ba ya koya wa yaro tafiya

1/ Yau zan taɓo abin da zai ɓata wa wasu rai. Keken nan na roba mai tayoyi, wanda ake zura jariri a tsakiyarsa, ba ya koya wa yaro tafiya. Kuɗinmu muke sawa mu sayo haɗari, mu naɗe shi a leda mu kai gidan suna. Ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina.

2/ Ni ɗaliba ce a sashen gashin ƙashi, ban zama likita ba tukuna. Amma abin da zan faɗa tun a ajin farko ake koya mana shi: ƙarfin jariri daga sama yake saukowa. Wuya ya fara tsayuwa, sai gadon baya, sai ƙugu, ƙafa ce ta ƙarshe.

3/ Shi ya sa yaro ke fara ɗaga kai, ya juya, ya zauna, ya yi rarrafe, ya dafa kujera ya miƙe, ya bi bango, sannan ya saki. Kowane mataki horo ne na wanda ke biye da shi. Hatta faɗuwar da yake yi daɓas a kan gindinsa darasi ne, da ita yake koyon daidaita jiki.

4/ To me keken yake yi? Mazauninsa ne ke ɗauke da nauyin yaron. Sai ya kwanto gaba, ya tura ƙasa da yatsun ƙafa, dunduniya a sama. Farantin gaban ya tare shi, ko ƙafarsa ba ya gani. Ya karkata, keke ya tare shi. Ina zai koyi tsayuwa da kansa?

5/ A 2002 an wallafa wani bincike daga ƙasar Ailan a kan yara 190. Lissafinsu ya nuna duk awa 24 da yaro ya tara a cikin keken tana zuwa da jinkirin kwana uku da 'yan kai wajen fara tafiya. Akwai masu binciken da ba su ga jinkiri ba, gaskiya ne. Amma alƙawarin da aka sayar mana na saurin tafiya, babu shi.

6/ Jinkirin ma da sauƙi. Haɗarin ne abin tsoro. A Amurka, daga 1990 zuwa 2014, yara sama da 230,000 'yan ƙasa da wata 15 aka kai sashen gaggawa saboda wannan keken. Kusan 9 cikin 10 a kai ko wuya suka ji ciwo. Kanada kam tun 2004 ta haramta sayar da shi, da shigo da shi, da tallarsa.

7/ Na san me za a ce: "Su benaye gare su, mu gidanmu ƙasa ne." Haka ne, yawancin nasu daga matakala suka faɗo. To mu leƙa tsakar gidanmu. Kurfoti da garwashi, risho, tukunyar miya a ƙasa, bokitin ruwan zafi, bahon wanki cike da ruwa, dandamali, rijiyar da murfinta kwano ne.

8/ Yaro a cikin keken nan yana iya cin kusan mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Kin juya ki ɗauko ludayi, ya isa murhu. Kuma keken ya ƙara masa tsawo: flas ɗin shayi, wayar dutsen guga, kwalbar kalanzir, duk abin da jiya hannunsa bai kai ba yau ya kai. "Ai ina kallonsa" ba ta isa ba. Da yawa a gaban manya abin ke faruwa.

9/ "Mu ma a ciki muka tashi, ga mu garau." Alhamdu lillahi. Amma kin yi tafiya ne don lokacinki ya yi. Yaran da ba su taɓa ganin keken ba su ma sun yi. Wanda kuma ruwan zafi ya sauya wa fuska ba ya cikin masu zuwa nan su ba da shaida.

10/ Asalin matsalar gasa ce. "Ɗan wance wata tara ya taka, naki har yanzu?" Daga nan sai a fara cewa yaro nauyin ƙafa gare shi, uwa ta shiga damuwa, gwaggo ta kawo shawara, uba ya tafi kasuwa. An mayar da jariri dokin sukuwa.

11/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi lafiyayyun yara a Ghana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Zama ba tallafi: daga kusan wata 4 zuwa wata 9. Tafiya ba riƙo: daga wata 8 zuwa kusan wata 18. Duk lafiya ne. Kusan 4 cikin 100 ma ba su yi rarrafe ba sam.

12/ Kenan mai wata 9 da mai wata 16 duk a hanya ɗaya suke. Haka batun dasa jariri a kwali ko baho tun yana wata uku, a tokare shi da matasan kai wai ya koyi zama. Ku dube shi: kai na rinjaya, baya ya lanƙwashe. An jingine shi ne kawai, bayan bai shirya ba.

13/ Abin da ya fi ba ni haushi, mun raina abin da yake namu mai kyau. Ana cewa goyo ke sa ƙafar baka. Ƙarya ake wa zani da majanyi. A goyo cinyoyin jariri a buɗe suke, gwiwa a lanƙwashe, kuma wannan zaman ne gaɓar ƙugu ke so. Naɗe jariri tam da ƙafafu a miƙe shi ne ke jawo gocewar ƙugu.

14/ 'Yar ƙafar baka a jariri abu ne da aka saba, yawanci tana miƙewa wajen shekara 2. Idan ta wuce haka, ko tana ƙaruwa, ko ƙafa ɗaya ce, ko wuyan hannu ya kumbura, a je asibiti. Binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci ne babban dalilin laushin ƙashi a yaranmu. Nono, kindirmo da ƙananan kifi masu ƙaya sun fi ɗauri da tsumma amfani.

15/ To me za a yi? Tabarma. Shimfiɗa mai tsabta a ƙasa. A riƙa kwantar da jariri rub da ciki idonsa biyu, ana kusa da shi, kaɗan-kaɗan har ya tara aƙalla minti 30 a yini. Barci kuwa a rigingine. Goyon ma kar ya wuce awa ɗaya a jere, a sauke shi ya motsa.

16/ Ya fara miƙewa? A bar shi ƙafa ba takalmi a cikin ɗaki, ya dafa gado, ya bi bango. Keken katakon nan mai ƙafa uku da kafinta ke yi ya fi na roba hankali, don yaron ne ke ɗauke da nauyinsa. Shi ma sai ya iya tsayuwa, kuma da babba a kusa.

17/ Ban manta da uwar da ke girki, wanki da sana'a ita kaɗai ba. Ita ce ta fi buƙatar inda za ta ajiye yaro, kuma ba ita nake zargi ba. Amma abin ajiye yaro bai kamata ya zama mai taya ba. Maza, minti 20 a kan tabarma da ɗanku ba zai rage muku komai ba.

18/ Lokacin da ya kamata a damu: wata 9 bai zauna ba, wata 18 bai taka ba, jikinsa ya cika sanƙarewa ko saki, gefe ɗaya kawai yake amfani da shi, ko ya daina abin da ya riga ya iya. Nan ba keke ake nema ba, ba rubutu kaɗai ba. A kai shi a duba, da wuri.

19/ Mu ne ƙannen masu jego, mu ne ake haɗa kuɗi a ba mu mu sayo kayan barka. In an ce a sayi keken nan, ku ce a'a, ku faɗi dalili. A sayi tabarma mai laushi, ko a ba uwar kuɗin ta ci abinci mai kyau. Da rarrafe yaro kan tashi. Ku tura wa yayarku, sannan ku zo mu yi musun.