Samarin Gusau, Ku Bar Ƙure Wa Firosesa Gudu

Sana'ata gyaran kwamfuta ce a nan Gusau, kuma akwai aiki guda da ba na karɓa ko nawa za a biya ni, wato ƙure wa firosesa gudu, abin da samarinmu masu buga gem ke kira obakilokin. Masu neman aikin kuwa kullum ƙaruwa suke yi. Akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akwai masu gidajen gem na Tudun Wada da Sabon Gari, akwai yaran da suka soma da gyaran waya a Bebeji Plaza daga baya sha'awarsu ta koma kan kwamfuta. Wani tun daga Tsafe ko Bungudu zai rungumo akwatin kwamfutarsa a mota, ya dire mini a kan tebur ya ce, "Oga, mi za ka yi mata ta ƙara wuta? Na ga wani Bature a YouTube ya kai tashi gigahaz 5." Idan na ce a'a, wasu su ɗauka ban iya ba ne, wasu su ce tsoro ya yi mini yawa. Gara in faɗi hujjata a fili, kowa ya auna da kansa.

Aikin ba wani sihiri ba ne. Firosesa da bugun agogo yake tafiya. A yawancin kwamfutocin tebur na yanzu tushen bugun megahaz 100 ne, sai a ninka shi da wata lamba. Idan lambar 36 ce, gudun ya zama gigahaz 3.6. Mai ƙurewa zai shiga bayos tun kafin Windows ta tashi, ya mayar da 36 ɗin nan 42, sai a samu 4.2. To amma firosesa ba ya jure sabon gudun sai an ƙara masa ƙarfin wuta, daga nan kuma zafi ke tasowa. Zafin yana hawa daidai da gudu, amma ta ɓangaren bolt hawan ya fi haka tsanani, domin lambar bolt ɗin ake ninkawa da kanta. Ɗauki alƙalami ka lissafa. Ka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, ka ɗaga wuta daga bolt 1.20 zuwa 1.35, za ka tarar zafin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Ka samu goma, ka biya arba'in, kuma da zafi za ka biya, a garin da zafi ya riga ya ishe mu.

Waɗanda suka fara wannan dabara suna da hujjarsu, kuma akwai lokacin da ta yi wa talaka rana. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da wani firosesa mai araha, Celeron 300A, mai gudun megahaz 300. Mutane suka gano cewa da ɗan sauyi kaɗan yana kai wa 450, har ya kamo ƙafar Pentium II wanda ya fi shi tsada nesa ba kusa ba. A 2011 ma Core i5-2500K ya zo da gigahaz 3.3, jama'a da dama suka riƙa kai shi 4.5 da fanka mai kyau kawai, suka yi shekaru suna morarsa. A wancan zamani kamfanoni suna barin rara mai yawa. Yanzu sun daina bari. Firosesan zamani, na Intel ne ko Ryzen na AMD, da kansa yake duba zafin jikinsa da wutar da yake samu, ya ƙara gudu idan da hali, ya sassauta idan ya ji jiki. Ɗan abin da ya rage a saman wannan bai taka kara ya karya ba.

Su kansu kamfanonin sun taɓa wuce gona da iri. A 2023 aka yi ta samun rahoton ƙonewar wasu firosesan Ryzen 7000, musamman 7800X3D, saboda wutar da wasu madabod ke tura wa wani sashe nasu ta yi yawa, har kamfanin AMD ya ƙayyade ta kada ta wuce bolt 1.3. A 2024 kuma Intel ya amsa cewa manyan firosesansa na zubi na 13 da na 14, irin su Core i9-13900K da 14900K, suna neman wuta fiye da kima, abin da ke tsufar da su da wuri, gem ya riƙa rufewa da kansa ana tsakiyar bugawa. Sai da ya fitar da gyara ta hanyar sabunta bayos, ya kuma ƙara wa masu su garantin shekara 2. Wanda ya riga ya lalace kuwa gyaran bai dawo da shi ba, sai dai musanya. Idan injiniyoyin da suka ƙera abin, da duk ɗakunan gwajinsu, ɗigon bolt ya ci musu dukiya haka, don me zan yarda da lambar da aka kwafo daga bidiyo?

Shi Baturen bidiyon ma a duba inda yake zaune. Galibi ɗakin gwajinsa yana wajen digiri 22. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin Gusau yana haura 40 da rana, balle a shagon da ke ƙarƙashin rufin kwano, ga samari sun cika shi maƙil suna ihun an ci ƙwallo. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa cikin ƙarfen sanyaya, don haka duk digirin da ɗakinka ya fi nasa, a kan firosesanka zai hau. Saitin da ya nuna masa 80, kai zai nuna maka 98 ko fiye. Yawancin firosesan Intel na tebur idan suka kai 100, Ryzen 7000 kuma 95, sai su ja birki da kansu don kada su ƙone. Abin da ke biyo baya shi nake gani a kai a kai: an ƙure na'ura don ta yi sauri, ta ɗan jima tana tashi sama, can sai ta fara sarƙewa, ɗan wasa ya tsaya cak a bakin raga, hoto ya daskare, yaran da suka biya kuɗin wasa su tayar da rigima. Waɗanda suka kafa tarihin haura gigahaz 9 a ƙarshen 2022, ruwan hiliyam suka riƙa kwarara wa firosesan, mai sanyin wajen digiri 269 ƙasa da sifiri, don su ɗauki lamba su kashe. Gasar kafa tarihi ce, ba a yin aikin yau da kullum da irin wannan saitin.

Kafin bazara ma akwai hunturu. Duk akwatin da ya zauna a shago daga Disamba zuwa Fabrairu ba a buɗe shi ba, na san abin da zan tarar. Jar ƙura ta toshe tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya, sai ka sa tsinke ka ɗago ta, ta fito a dunƙule. Fanka tana juyi tana kuka, iska ba ta ratsawa. Idan ka cire ƙarfen, man da ake shafawa tsakaninsa da firosesa ya bushe ya tsattsage, da farce kake kankare shi. Na taɓa buɗe wata da aka kawo daga Tsafe, na tarar wani ya shafa mata makilin a madadin man, ya bushe ya koma gari, a cikin akwatin wutarta kuma ga busasshiyar gawar tsaka. Mai ita ƙarin gudu ya zo nema.

Maganar lantarki kuwa ba sai na tsawaita ba. An ɗauke, an kawo, ta yi ƙasa, ta yi sama. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Gidajen gem ɗinmu a kan ƙaramin janareto ko sola suke rayuwa, kuma akwatin wutar da aka ɗora wa nauyi har wuya ba ya iya riƙe na'ura ko na ƙiftawar ido idan firijin mai sayar da lemo ya ja wuta a layi ɗaya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, duk wat ɗin da kwamfuta ta ƙara sha, daga aljihun mai shago yake fita.

Akwai wata magana da ta shafi 'yan'uwana masu gyara, kuma tana damuna ƙwarai. Mafi yawan kwamfutocin tebur da ke hannun samarinmu tokumbo ne na ofis, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, masu ɗauke da Core i5-3470 ko i5-4570. Waɗannan a kulle suke. A ɓangaren Intel, ƙurewa ta gaskiya sai firosesa mai harafin K a ƙarshen lambarsa da madabod na jerin Z, bayos ɗin kwamfutar ofis kuwa ko wurin taɓa lambar babu. Duk da haka ana karɓar kuɗin yara a ce an yi musu obakilokin, alhali manhaja kawai aka saka mai nuna lambobi masu launi, ko aka sauya tsarin wutar Windows. Wannan cin amana ne. Yaron da ya tara kuɗin nan, wataƙila daga acaba ko cajin waya ya tara su, ya cancanci a gaya masa gaskiyar abin da na'urarsa za ta iya.

Wanda tasa ke ƙuruwa da gaske kuma, ya tuna inda muke. Idan madabod ta ƙone a Legas, mutum ya shiga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ya sayo wata a yinin. A Kano akwai titin Beirut. Mu sai an yi waya, an tura kuɗi, an sa kaya a mota ta biyo ta Funtua da Tsafe, hanyar da kowa ya san halin da take ciki, kuma ba kullum abin da aka aiko ke dacewa ba. Garantin kamfani bai rufe ɓarnar ƙurewa ba, tokumbo ma ba ta da garantin tun farko. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Abin da na fi so a kawo mini shi ne aikin daidaitawa. Wani dattijo mai gidan gem a Bungudu ya zo da ɗansa da kwamfutarsu da ke mutuwa kullum bayan azahar. Ɗan ya dage sai an ƙure ta. Uban ya ce, "Malam, ni dai ta kai magariba ba ta mutu ba, shi a' buƙatata." Na ce, "Baba, ka kawo ta inda ya dace." Muka fitar da ita waje muka hure ƙurar da bulowa, na danne fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta. Muka sa sabon mai, ɗigo guda a tsakiya. Ram ɗinta sanda ɗaya ce ta giga 8, muka ƙara mata ta biyu irinta domin hanyar bayanai ta zama biyu, abin da ke taimakon gem fiye da yadda mutane ke zato. Muka maye tsohon faifan ajiya da es-es-di. Allonsu hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, don haka muka ƙayyade gem ɗin a 60, tunda duk abin da ya haura haka zafi ne kawai ake dafawa ba mai gani. Daga ƙarshe na rage wa firosesan ƙarfin wuta kaɗan, gudunsa yana nan yadda yake. Zafin da ke taɓa 100 ya sauko ƙasa da 80. Na ba su shawara su ɗaga akwatin daga ƙasa, su janye shi daga jikin bango, kuɗin da suka tanada kuma su sayi na'urar riƙe wuta da shi.

Rage wutar nan ita ce fasahar da ta dace da ƙasarmu, kuma ilimin da take buƙata daidai yake da na ƙurewa. Masu Ryzen na zamani suna da Curve Optimizer a bayos, masu katin hoto suna da MSI Afterburner. A mafi yawan gem ma katin hoto ne ke gajiya kafin firosesa. Mai kwamfutar ofis da ke son ƙara kati ya duba akwatin wutarsa tukuna, domin na ƙananan nan galibi bai kai wat 300 ba. Irin su GTX 1050 Ti da GTX 1650 masu shan wat 75 daga ramin madabod su ne daidai da shi.

Ba na son wannan rubutu ya kashe wa kowane yaro sha'awar bincike. Yaron da ya iya shiga bayos, ya san bolt da digiri, gobe shi zai riƙe kwamfutocin cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, da na asibitoci da bankuna, inda ba a yafe wa na'urar da ke mutuwa ana tsakiyar aiki. Iyaye su daina kallon abin a matsayin shiririta zalla. Wanda ya nace sai ya gwada ƙurewa, ya yi a kan tasa, kada ya taɓa ta mai shago ko ta abokinsa. Ya ƙara lamba ɗaya ɗaya, yana kallon zafi a HWiNFO. Ya gwada firosesa da Prime95 na sa'o'i, ram kuma da MemTest86, ko da saitin ƙara gudun ram na XMP kawai ya kunna, domin shi ma ƙurewa ne. Gwajin ya kasance da tsakar rana a watan Afrilu, don sakamakon daren hunturu ruɗi ne. Ya koyi cire ɗan batirin madabod don mayar da bayos yadda yake idan allo ya ƙi kawowa, kuma kada ya kuskura ya sabunta bayos a kan wutar da ba shi da tabbacin za ta tsaya.

Masu gidajen gem na Gusau da Tsafe da Bungudu, ina roƙonku, kafin watan Maris ya kama ku buɗe akwatunanku ku hure ƙurar hunturu, ku sauya man firosesa, ku duba fankokinku. Duk mai gyaran da ya ce zai ƙure muku kwamfutar ofis, ku riƙe kuɗinku.