Filin Direbobi: Gajeren Sifirin

Samarinmu masu BMW suna ta tambayarmu kan gajeren sifirin mai sa mota ta yi ƙasa.

Lalle yana rage tangaɗi a kwana, amma titin zango ba na Jamus ba ne. Shawararmu, kada ragin ya wuce milimita 30, don tudu ɗaya ya isa ya fasa tukunyar baƙin mai, inji ya buga. In kun je Abossey Okai ko Suame, ku nemi Eibach ko H&R na ainihin ƙirar motarku. Taurinsa yana saurin kashe tsohon shokazoba, saboda haka a canza su tare, sannan a yi alaimen.

Bakaniken da ya ce a yanke na asali kuwa, ku guje shi. Yankakke kan zame daga mazauninsa ana cikin gudu.

Allah ya kiyaye hanya.