Yankakken Bidiyon Malami Ba Hujja Ba Ne

Zaman tafsiri a watan azumi yakan kai awa guda ko fiye. Amma abin da ke isowa wayar matashi sau da yawa bai wuce sakan 40 ba, an yanko shi da CapCut, an manna masa kanu mai tunzura zuciya. Kafin a sha ruwa an fara kafirta juna, an kai ga zagin iyaye.

Wanda ya saba zama majalisin karatu ya san malami yakan kawo maganar waɗanda yake saɓani da su tukuna, sannan ya warware ta. Idan aka ɗauki farkon aka yar da ƙarshen, sai a ji shi yana faɗin abin da ya zauna domin ya rushe. Murya tasa ce, ma'ana kuwa ta mai yankan ce.

Manhajojin ma suna taimaka wa wutar. TikTok da Facebook suna ƙara tura bidiyon da aka fi kallo, aka fi yi wa martani, aka fi yaɗawa. Zagi ma martani ne a lissafinsu. Don haka wanda ya shiga ya zazzaga ashar da sunan kare malaminsa, ya ƙara wa bidiyon masu kallo ne kawai.

WhatsApp ya gwada taka birki. A 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare 5 a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo, mai alamar kibiya biyu, ya koma wuri 1 kacal. Wannan ya rage gudu, amma bai iya dawo da mintunan da aka yanke ba.

Sauran aikin na mai waya ne. Kafin ya tura, ya nemi cikakken karatun a YouTube ko shafin malamin, ya saurari minti 5 kafin wurin da minti 5 bayansa. Idan bai samu ba, ya bar bidiyon inda ya gan shi. Idan ya samu kuma har yanzu yana ganin akwai kuskure, ya yi raddi a kan maganar, ya ajiye adireshin cikakken karatun, ya ƙyale mutuncin mutum da iyayensa.

Saɓani tsakanin malamai ya girmi intanet, kuma zai ci gaba. Amma wanda ya yaɗa rabin magana ya jingina wa bawan Allah abin da bai nufa ba, ko da datarsa ya saya.