Me Zai Hana Mu Hau Mambila Bana?

Kowa ya sani a ƙarshen wannan zango ne ƙungiyar iyaye da malamai za ta zauna ta yanke shawarar inda 'yan ajinmu za su tafi yawon buɗe ido. Na ji yawancin abokaina suna ta kiran Abuja, wai don su ga dogayen benaye da manyan kantuna, su ɗauki hoto. Ni kuwa ra'ayina ya saɓa da nasu, ina roƙon a ba ni aron kunne. A ganina, kuɗin nan da iyayenmu suka tara da gumin goshi gara a kashe su a kan tsaunin Mambila, mu kwana uku ko huɗu a wani ƙaramin masauki na karkara, mu ci abincin mutanen wurin, mu taka ƙasar da ƙafafunmu.

Ga wanda bai sani ba, Mambila tana cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, kuma babban garinta shi ne Gembu. Ƙasa ce mai tudu ƙwarai, tsayinta daga bakin teku ya kai kimanin mita 1,600. Kusa da ita kuma akwai Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, a yankin gandun daji na Gashaka-Gumti wanda aka kafa a 1991. A da wannan ƙasa ba ta cikin Nijeriya, tana cikin yankin Kamaru da Ingila ke riƙo. Sai a 1961 aka jefa ƙuri'ar raba gardama, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi shigowa Nijeriya, aka raɗa wa lardin suna Sardauna don girmama Sir Ahmadu Bello. Duk mun rubuta wannan a littafin tarihi, amma mu nawa ne muka taɓa ganin wurin?

Ni dai Allah ya sa na je a hutun Disamba da ya wuce, tare da kawuna mai fataucin shanu. Daga Jalingo ake bi ta Bali zuwa Serti, inda zafi yake kamar na gida. Da an wuce Mayo Selbe sai mota ta fara hawa, hanya tana murɗewa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. Kafin mu isa Maisamari kowa ya nemi rigar sanyi. Malamin labarin ƙasa ya sha gaya mana cewa duk hawan mita 1,000 zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Mun haddace don jarrabawa. Amma ranar nan fatar jikina ce ta karanta mini darasin, kuma ba na jin zan sake mantawa da shi. Gaskiyar masu iya magana, gani ya kori ji.

Masaukin da muka sauka a wajen Nguroje ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗakuna ne kaɗan masu rufin kwano, da gado da bargo biyu, itatuwan turare sun kewaye shi. Ba fanka, don ba wanda zai neme ta. Da asuba akan kawo ruwan zafi a bokiti saboda alwala, in ba haka ba yatsu sai su ƙage. In ka leƙa waje, hazo ya cika kwari fal, kana tsaye a samansa, sai ƙahonin shanu kake gani suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya ce abin da ya tara Fulani da dukiyarsu a nan shi ne ciyawa da ruwa, ga kuma sanyin da ya hana ƙudan tsando sakewa, watau ƙudan nan mai sa wa shanu sammore.

Wuni guda muka yi muna yawo a ƙafa, wani saurayi ɗan garin yana yi mana jagora. Mun hau tudu mun gangara, mun tsallake rafuka masu sanyi kamar ƙanƙara, mun ratsa gonakin gwaza da dankalin Turawa da ayaba. Washegari muka je Kakara, inda gonakin shayi suka shimfiɗu kore shar iya ganinka. Ni da nake shan shayi kullum a ɗakin cin abinci na makaranta, sai ranar na san ashe ɗan toho na saman reshe kawai ake tsinka, kuma da hannu. Akwai kuma kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, inda masu bincike ke nazarin itatuwa da tsuntsaye da manyan biran nan masu kama da mutum. Wannan kam 'yan ajin kimiyya ya kamata su fi kowa ɗokinsa.

To, bari in zo kan abinci, don a nan ne nake da magana da masu masauki su kansu. Daren farko mai gidan ya kawo mana burodi da kifin gwangwani da taliyar leda, yana ta ba da haƙuri wai abin da baƙin birni ke so ke nan. Kawu ya yi dariya ya ce masa, "Malam, don Allah abin da iyalinka suka ci shi za a ba mu." Kai, jama'a! Aka kawo tuwon masara da miyar ganye, man shanu yana narkewa a kai. Da safe ga kindirmo mai kauri wanda Bafillatana ta kawo a ƙwarya, ga zuma, ga fiya da aka tsinko a bayan gida, ga shayin da aka noma a tsallaken tudu. Ina ganin kuskure ne babba masaukin karkara ya riƙa jin kunyar abincin karkara. Wanda ya yi doguwar tafiya irin wannan, abin da babu a garinsu ya zo nema. Bugu da ƙari, in an sayi gwangwani kuɗin birni yake komawa, in kuwa an sayi nono da zuma da masara, a hannun mai tallar nono da manomi yake tsayawa.

Na san iyayenmu za su ce hanya da nisa, kuma da haɗari. Gaskiya ne, ban musa ba. Da damina, wadda ta fi tamu tsawo, ƙasa takan zaftaro ta tare hanya. An kuma yi rikici tsakanin makiyaya da manoma a wurin a 2017, aka yi asarar rayuka. Saboda haka ban ce a kwashe mu a tafi kai tsaye ba. A tafi da rani, a yi tafiyar da rana, a yada zango a Serti kafin a hau, a kuma rubuta wa hukumar yankin tun da wuri a ji halin da ake ciki. In sun ce a dakata, sai a dakata. Wasu kuma sun kawo zancen Obudu ta jihar Kuros Riba, wadda aka girka wa motar igiya mai hawa dutse a 2005. Ita ma wuri ne mai kyau, amma an gina ta ne don masu hali, mu kuwa 'ya'yan talakawa ne. A Mambila ana jin Hausa da Fillanci, ba mai ɓata don rashin harshe.

Abuja kuwa tana nan ba inda za ta. Yawancinmu za mu je ta nan gaba, ko neman aiki ko neman makaranta, ko muna so ko ba ma so. Amma da wuya wani uzuri ya kai ɗayanmu Gembu in makaranta ba ta kai shi ba.

Roƙona ga shugaban makaranta shi ne a ba ni minti biyar a gaban taron iyaye in nuna hotunan da kawu ya ɗauka. In an amince da tafiyar, kowane ɗalibi ya tanadi bargo da rigar sanyi da takalmi mai rufi, domin silifa ba ta hawa tudun nan.