ZAMAN DUNIYA: Bana Ko Baɗi Za A Koma Gida

A wannan mako filin nan zai duba wata magana wadda ta daɗe tana hana magidanta barci a ƙasashen waje, watau maganar komawa gida. Duk wanda ya taɓa zama da mutanen ƙasar nan mazauna Kumasi, ko Jidda, ko Landan, ya san amsar da su kan bayar in an tambaye su yaushe za su dawo. Amsar ba ta wuce, "In Allah ya yarda, bana ko baɗi." A kan yi shekara goma ana faɗin haka, a yi ashirin, har yaron da aka tafi da shi a goye ya yi gemu, ya ajiye nasa iyalin, shi ma ya gaji maganar daga bakin ubansa.

Tafiyar gwauro dabam ta ke da tafiyar mai iyali. Gwauro in zama ya ƙi, sai ya naɗe tabarmarsa ya nufi tashar mota. Mai iyali kuwa kowace shekara ƙara masa saiwa ta ke yi. Yara sun shiga makaranta, uwargida ta kama sana'a ta yi ƙawaye, an aurar da 'ya a unguwa, wataƙila ma an binne wani a maƙabartar garin. Ranar da maigida ya ce a ɗaura kaya, sai ya tarar gidan da shi ya ke nufi, ga 'ya'yansa baƙuwar ƙasa ce. Wannan matsala ba yau ta fara ba, Hausawa sun sha ta a yamma, sun kuma sha ta a gabas, ya kamata mai niyyar tafiya yau ya san yadda ta kaya da na farko.

Cinikin goro ne ya fara jan Hausawa zuwa ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yanzu. Fatake su kan tashi daga Kano da Katsina da ayarin jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su yi wata da watanni a hanya kafin su isa kasuwar Salaga. Da fari zuwa a ke yi a dawo. Sannu a hankali waɗansu suka zama masu masauki da dillalai, suka yi aure, suka kafa zango. Da yaƙin sarauta ya watsa Salaga a 1892, maimakon su juyo gida sai da yawa suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da garuruwan bakin teku. Shahararren malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, a Kete-Karachi ya zauna yana karantarwa har Allah ya yi masa rasuwa a 1934. Haka zangogi suka yi ta cika, ana haihuwa, ana ginin soro, ana kuwa cewa ai zaman na ɗan lokaci ne.

Ran 18 ga watan Nuwamba 1969, Gwamnatin Dokta Kofi Busia ta fito da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar iznin zama, ya samo ta ko ya bar Gana cikin mako biyu. Yawancin mutanen zango ba su taɓa neman irin wannan takarda ba, don kuwa iyayensu sun shigo ne tun zamanin da Ingilishi ke mulkin ƙasashen biyu, har kuɗi ma iri ɗaya a ke kashewa. Mutum fiye da dubu ɗari suka fita, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da sauransu. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a wulaƙance, wani ma bai sami mai saye ba, sai ya rufe ƙofa ya hau mota. Suka iso Nijeriya alhali yaƙin basasa bai ƙare ba, sai a Janairu 1970 ya ƙare. Wanda ya saba aiko da saƙo, yana zuwa biki da ta'aziyya, ya sami ɗakin sauka. Wanda kuwa aka haifa a zango, abin da ya sani kawai shi ne kakansa mutumin Kano ne, sai ya shiga tambayar sunan unguwa wadda masu saninsa a cikinta sun daɗe da kwanta dama. A Gana an ce da shi baƙo, a nan kuma aka kira shi ɗan Gana.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan halin wata ƙasa ce guda ɗaya. A watan Janairu 1983, da kuɗin man fetur ya faɗi, Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ita ma ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita daga Nijeriya. Mutanen Gana kaɗai wajen miliyan ɗaya suka tafi, har jakar da suka zuba kayansu ciki ta sami sunan da a ke kiranta da shi a kasuwa har yau. Abin lura shi ne, kowace Gwamnati in tattalin arziki ya tsananta, baƙo ta kan fara duba. Maigidan da ya ƙi yanke shawara da kansa, wata rana wani ma'aikaci da bai san sunan 'ya'yansa ba zai yanke masa, ya kuma ba shi kwana goma sha huɗu.

Na gabas kuwa labarinsu ya sha bamban, don su ba a koro su ba, amma ba su dawo ba. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi cikin watan Yuli na shekaran nan. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Shuɗin Kogin Nil a ƙasar Sudan, kusa da Sinnar, inda garin da suka kafa ke amsa sunansa. Bayansu alhazan ƙasa suka yi ta bin hanyan nan da mata da yara, ta Barno da Wadai da Darfur, suna tafe suna aiki don neman guzuri. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, aiki ya samu, sai zangon kwana biyu ya zama ƙauye. Wani masani mutumin Gana, C. Bawa Yamba, ya zauna da jikokinsu, ya wallafa littafi a kansu a 1995, inda ya nuna cewa har waɗanda aka haifi kakanninsu a Sudan suna ɗaukar kansu alhazai ne da ke kan hanya.

Niyyar ibada abin girmamawa ce, amma doka ba ta duba niyya. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta amince ne da wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, watau waɗanda suka zo bayan Burmi ba su shiga ciki ba. An sassauta dokar daga baya, amma tabon bai gushe ba. A watan Yuli 2022 rikici ya ɓarke a Jihar Shuɗin Nil tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a kan ƙasa da sarauta, aka rasa rayuka fiye da 100, tushen gardamar kuwa shi ne ko Hausawa 'yan ƙasa ne ko baƙi, bayan zaman fiye da shekara ɗari. Da babban yaƙi ya tashi a Sudan a watan Afrilu 2023, Gwamnatin Nijeriya ta kwaso 'yan makaranta da sauran masu fasfonta. Jikan alhajin ƙasa kuwa Sudan ita ce ƙasarsa, daɗinta da wuyarta duk nasa ne.

Wannan ba ya nufin zama a waje asara ne. Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Babban Limamin Gana a 1993, jinin Hausawa ne da aka haifa a can, Musulmi da Kirista duk suna ganin girmansa. A'isha Fallatiya, wadda ta rasu a 1974, 'yar Hausawan Sudan ce, tana kuwa cikin matan farko da aka ji muryarsu suna waƙa a gidan rediyon ƙasar. Irin waɗannan gidaje sun zauna ne da ƙafa biyu, sun koyi harshen ƙasa, sun shiga al'amuranta, ba su kuwa manta asalinsu ba. Wanda ya zauna sosai ya ci riba, wanda ya dawo da shiri shi ma ya ci riba. Mai asara shi ne na tsakiya, wanda bai sayi gida can ba wai don zai dawo, bai kuma gina nan ba wai don bai tashi dawowa ba tukuna.

Matafiyan yau likitoci ne da masu jinya da malaman jami'a da 'yan kasuwa, jirgin sama su ke hawa, amma dokar baƙunci tana nan yadda ta ke. Ƙasar Saudiyya ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa don kawai an haife shi a can, in iyayensa baƙi ne. A 2017 ta sa wa ma'aikata baƙi harajin riyal 100 a wata a kan kowane mutum cikin iyalinsu, ya yi ta hawa har ya kai riyal 400 a 2020, magidanta da yawa ala tilas suka tura mata da yara gida. A Ingila, tun daga 1983 yaron da aka haifa can ba ya zama ɗan ƙasa kai tsaye sai in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko mai iznin zama na dindindin. A 2024 kuma aka hana yawancin ɗalibai baƙi da masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalinsu. Ko a nan Afirka ta Yamma, yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 kwana 90 ta ba baƙo ba tare da biza ba, wanda zai daɗe sai ya nemi iznin zama. Dawowar ma ba sauƙi gare ta ba. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja, a 2024 kuwa dala ɗaya ta haura naira 1,500. Wanda dangi goma ke ci daga albashinsa na waje, dole ya yi dogon tunani kafin ya ajiye aiki.

To, mene ne abin yi? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko shi ne takarda. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 25, ya ce yaron da aka haifa a waje ɗan ƙasa ne muddin uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, sashe na 28 kuma bai hana irin wannan yaro riƙe fasfon wata ƙasa ba. Saboda haka uban da ya bar ɗansa ba fasfon gida, ba kuma cikakkiyar takardar can, ya zalunce shi. Na biyu shi ne harshe. Yaron da ba ya iya gaida kakarsa da Hausa, ko an dawo da shi jikinsa kawai aka kawo. Na uku shi ne zumunci, wanda aka ce a ƙafa ya ke, kuma aiken kuɗi ba ya maye gurbin kai yara su kwana gidan dangi, su san 'yan'uwansu da ido. Na huɗu shi ne matsuguni da sana'a. Sau da yawa mutum ya yi shekaru yana aiko da kuɗin gini, ana aika masa hoton gidan wani, ya dawo ya tarar ko harsashi ba a tona ba. Mai hankali ya kan zo da kansa ya ga fili, ya riƙe takardarsa, ya kuma san abin da zai riƙa ci da shi in ya sauka.

Abu na biyar, wanda ya fi duka nauyi, shi ne shawara da mutanen gida. Magidanta da yawa su kaɗai su ke ƙulla maganar a zuci, iyali sai dai su ji an sayi tikiti. Alhali uwargida ita ta san wuyar da ta sha kafin ta saba da baƙuwar ƙasa, ita ce kuma za ta sha wuyar sabon zama in an dawo. Yara su ma suna da lokaci. Ɗan shekara shida in an kawo shi, cikin wata kaɗan ya shige cikin tsaransa. Ɗan shekara goma sha shida kuwa, wanda ke gab da jarrabawar fita sakandare, cire shi ba tare da yardarsa ba ya kan bar ƙullin da zai daɗe bai warware ba. Ya kamata a zauna tun yara na ƙanana a sa wa'adi, a ce shekara kaza za a yi, in ta cika a sake zama a duba. In aka ga dawowa ta fi, a dawo da shiri. In aka ga zama ya fi, a zauna da zuciya ɗaya, a nemi haƙƙin ɗan ƙasa, kada a bar yara suna jin kamar aron ƙasar da aka haife su suka yi.

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masu iya magana ba su faɗi haka don su hana tafiya ba, su ne fa suka ce tafiya mabuɗin ilmi. Gargaɗi ne cewa gida ba ya tsayawa jiran kowa, tsofaffi suna rasuwa, ana raba gado, unguwa tana sake kama. Maigidan da ya ce bana ko baɗi, ya kamata ya tambayi kansa abin da ya ajiye domin banan, da abin da ya tanadar wa 'ya'yansa in baɗin ba ta zo ba. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da masu niyyar dawowa cikin rufin asiri, ya kuma ba mazauna zaman lafiya da maƙwabtansu, amin.