A Bar 'Yar Gaye Ta Ɗaura Kallabinta

Zuwa ga 'yan uwa na Maiwurno da Sinnar da Wad Madani da Damazin, da waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Gadarif da Kasala.

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da ke isowa zauren dattawanmu, in aka cire rikicin gona da na gado, kaɗan ne suka kai ƙorafin tufafin mata yawa. Da zarar an yi biki an watse, sai wani ya zo da maganar 'yar wane: ta ɗaura kallabi ya tashi sama kamar hasumiya, ta haɗa atamfa da tobi, ta sa launin da ba a saba gani ba, har idon taro ya bar amarya ya koma kanta. Sai a nemi a kira mahaifinta a ja masa kunne. Mu da aikinmu shi ne riƙe alƙalami a gefen dattawa, mun daɗe muna sauraro, kuma ra'ayinmu shi ne wannan jan kunnen ba a inda ya dace ake yin sa ba.

Mu fara tsayar da wadda muke nufi, don kada a ɗora mana abin da ba mu ce ba. Ba mai fitar da tsiraici muke karewa ba, wannan hukuncinta a fili yake. Muna magana ne a kan mace mai cikakkiyar sutura, amma wadda ta mai da ado sana'arta da tunaninta, wadda ba ta jiran a ce mata ga abin da ake yayi, ita ce ke farawa. Bahaushe yana ce mata 'yar gaye, ko mai ƙwalisa, in kuma yana jin haushinta ya ce mai iyayi. Kowace unguwa tana da irinta, kuma kowa ya san yadda abin ke tafiya: ranar farko a yi mata dariya, bayan wata biyu 'yan mata su riƙa zuwa ɗakinta a ɓoye su koyi ɗaurin, bayan shekara goma kuwa uwar da ta fi kowa zaginta ita ce za ta ce wa tela ya yi wa 'yarta irin wancan ɗinkin, domin shi ne na mutunci.

Wanda ya yi karatun littattafan adabin Larabci ya san cewa wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. Sayyida Sukaina, 'yar Imam Husaini, wadda ta rasu a Madina a shekara ta 117 bayan Hijira, tana da wani salon gyaran gashi da ya shahara har aka sa masa sunanta, mata suka yi ta kwaikwayo. Haka kuma Ulayya 'yar Halifa Mahdi, 'yar uwar Haruna Rashid: an ruwaito cewa goshinta yana da faɗi, sai ta ƙirƙiro wani maɗauri da aka yi wa ado da duwatsu masu daraja don ta rufe shi. Abin da ta yi don ɓoye aibi shi ya zama adon matan Bagadaza. Littafin Agani na Abul Faraj Asfahani cike yake da irin waɗannan labarai, kuma malamanmu sun karanta shi ba su ƙone shi ba.

Amma misalin da ya fi kusa da mu yana cikin gidanmu ne. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka sauka a bakin wannan kogi, 'ya'yan daular Shehu Usmanu ne. A cikin daular nan, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru don karantar da matan ƙauye. Kowace tawaga tana da shugaba da ake kira jaji. Me Nana ta ɗora wa jaji a ka don a gane ta? Malfa. Malfar kaba irin wadda maza ke sawa, sannan a naɗa mata jan ƙyalle kamar rawani. Ƙari a kan haka, malfar alama ce da aka san Innar Gobir da ita, shugabar 'yan bori. Nana ta karɓe alamar, ta sauya mata ma'ana, ta mai da ita tutar ilimi. Ku yi tunanin dattijuwa ta shigo ƙauye da malfa da jan naɗi, mata na biye da ita. Da a zaurenmu na yau ne, da tun kafin ta sauke kayanta an kai ƙara cewa ta yi kama da maza, ta kuma yi tufafin neman suna. Nana Asma'u ta fi mu sanin hadisan da suka yi hani ga waɗannan abubuwa biyu, ta kuma san cewa hanin yana kan girman kai da rikita jinsi, bai hau kan kowace shiga da ta ja ido ba.

Ƙasar da muke ciki ma ta shaida haka. Hawa Taktaka, mawaƙiyar nan 'yar Rahad ta Kurdufan, ta yafa tobi mai launin tutar 'yancin kai, shuɗi da rawaya da kore, lokacin da Sudan ta sami 'yanci a 1956. An sauya tutar a 1970, ita kuwa da wannan tobin aka ci gaba da saninta har ta rasu a 2012. Gwamnatoci suka zo suka wuce, tsohuwa tana yawo da tutar da aka sauke. Da matasa suka fito titi a 2019, sai ga waɗannan launuka uku sun dawo a hannuwansu da jikin bango. A watan Afrilu na shekarar ne kuma duniya ta ga hoton Ala'a Salah a kan mota, da farin tobi da manyan 'yan kunne na zinariya. Farin tobin nan shigar malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis, matan da su ma a zamaninsu aka yi ta gunaguni a kan fitarsu daga gida.

Tobi kansa, wanda yau muke ɗauka shi ne iyakar kamun kai, ya daɗe yana zama fagen gasar 'yan gaye. Matan Omdurman sun riƙa raɗa wa kowane sabon yayi suna: akwai Khartum da Dare, akwai Haƙarƙarin Likita, akwai Alƙalamin Gidan Waya, har da wanda aka sa wa sunan tauraron ɗan Adam na Rasha. Wata masaniyar tarihi ta Amurka, Marie Grace Brown, ta rubuta littafi guda a kan wannan a 2017. Mu kuwa Hausawa ba ma buƙatar a yi mana bayani, domin dabi'armu ce. A Nijeriya an yi ɗaurin Maryam Babangida, matar shugaban ƙasa da ta rasu a 2009, sunanta ya zauna a kan kallabin matan da ba su taɓa ganin ta ido da ido ba. Daga baya aka yi ɗaurin Zahra Buhari. Tun kafin su akwai wanda ake ce wa ture-ka-ga-tsiya, sunan kaɗai ya isa ya gaya maka halin wadda ta fara shi. Ita atamfar da muke cewa tamu ce ta gado, mafi tsadarta daga Holan take zuwa, kuma asalin zanenta kwaikwayon rinin mutanen Jawa ne. Wata mace ce a wani zamani ta fara ajiye saƙi da baƙin rini ta ɗaura ta, kuma ba ma shakkar cewa ta sha magana.

To, me ya sa wannan batu ya dame mu yanzu, alhali ga yunwa ga gudun hijira? Domin mu 'yan tsiraru ne, kuma ɗan tsiraru yana ɓacewa ne ta harshe da ta sutura tun kafin ya ɓace ta jini. Fiye da shekara ɗari muna nan. Da hannuwan iyayenmu aka tsinci audugar Jazira tun bayan da aka gama madatsar Sinnar a 1925. Duk da haka kalmar Fallata ba ta daina zama abin jifa a bakin wasu ba. Bayan abin da ya faru a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi a 2022, iyaye mata da yawa sun ce wa 'ya'yansu su ninke atamfa su ajiye a akwati, su yafa tobi kamar kowa, kada su yi Hausa a kasuwa. Ba mu ga laifinsu ba, rai ya fi zane. Amma a irin wannan yanayi, yarinyar da ta fito a bikin danginta da ɗaurin da ke cewa ga ko ni wace ce, ba ita ce ya kamata dattawanta su fara karya wa gwiwa ba. Waje yana ce mata ta ɓoye. In gida ma ya ce mata ta ɓoye, a ina jikokinmu za su ga yadda ake ɗaura kallabi?

A'isha Fallatiya, 'yar malami ce, haifaffiyar Kasala, ita ce mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940. Ta rasu a 1974. Ba a kan tufafinta muke kawo ta ba. Sunan da ake jifan mu da shi ne ta ɗauka ta rataya a wuya kamar sarƙa, har ya zama ba a iya ba da tarihin waƙar Sudan ba tare da an furta shi ba. Zuciyar da ta yi wannan ita ce zuciyar 'yar gaye ta gaskiya.

Akwai wani abin mamaki kuma da masu zuwa Kano da Maiduguri ke ba mu labari, muke kuma gani a Facebook. Tobin da 'ya'yanmu ke yafawa don su saje, can sunansa laffaya, kuma shi ne shigar ƙasaita. Amarya ba ta cika amarya ba sai an yi mata dilka da halawa da turaren jiki irin na Sudan, an zana mata lalle. Su suna neman abin da ke hannunmu, mu muna ɓoye abin da ke hannunsu. Yarinyar nan da ta haɗa atamfa da tobi, wadda ake kawo ƙararta, ita kaɗai ce ta lura cewa gida biyu gare ta.

Ba za mu ce masu ƙorafi ba su da hujja ko kaɗan ba. Almubazzaranci haramun ne, kuma mun ga gidajen da bashin kayan biki ya rusa. Mun ga saurayin da ya haƙura da aure saboda jerin tobi da turare da zinariya da aka lissafa masa. Mun ga kuma annobar man sauya launin fata, wadda ke lalata fuskokin 'yan matanmu, kuma a nan muna tare da dattawa ɗari bisa ɗari, har muna ganin sun yi sanyi. Sai dai a lura da wace ce ke aikata waɗannan. Mai cin bashi don ta sayi abin da kowa ya saya mabiyiya ce, tsoron a ce ba ta da shi ne ke korar ta. Mai goge baƙar fatarta don ta yi kama da wasu, ƙin kanta take yi. 'Yar gayen asali akasin haka take. Sau da yawa ba mai kuɗi ba ce. Ita ce mai ɗaukar tsohon zanen kakarta ta kai wa tela ya juya shi, mai haɗa ragowar ƙyalle uku ta fitar da abin da matar attajiri za ta aiko a tambaya a ina aka saya. Idan dattawa suka haɗa su biyun suka yi musu hukunci ɗaya, mai ƙirƙira ce za ta yi shiru, domin ita ce ake gani. Mai bashi da mai shafa za su ci gaba da abinsu, tunda sun yi kama da kowa.

Wasu kuma suna cewa lokacin yaƙi ba lokacin kwalliya ba ne. Waɗanda suka zauna a makarantun da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, bayan faɗuwar Wad Madani a Disamban 2023 da Singa a tsakiyar 2024, sun ga amsar wannan da idonsu. Matan da aka ƙwace wa zinariyar aure, suka fito da zane ɗaya ko biyu, da safe sukan wanke fuska su sa kwalli su gyara ɗauri kafin su shiga layin abinci. Ba wanda ya ga haka ya ce iyayi ne.

Abin da muke roƙon iyayenmu dattawa kaɗan ne. In za a yi doka a kan biki, a yi ta a kan kuɗi: a ƙayyade yawan kayan lefe, a hana gasar zinariya, a yi wa masu sayar da man shafa magana da babbar murya. Launi da ɗauri da ɗinki kuwa, muddin sutura ta cika, a bar wa mata. Su kuma 'yan matanmu masu riƙe da waya, maimakon hotunan kansu kaɗai, su zauna da tsofaffin Maiwurno da na ƙauyukan Jazira tun suna raye, su tambaye su sunayen ɗauri da na kitso da na zannuwan da aka yi yayi a ƙuruciyarsu, da sunan matar da ta fara kowanne. Su turo mana a wannan shafi, za mu rubuta a littafi ɗaya da wanda muke rubuta sunayen limamai da masu unguwanni.