Kwamfutar da ba ta kwantuwa: saye ka yi ko haya?

Ƙanwata akanta ce, kuma rabin rayuwarta na cikin wata siririyar kwamfutar tafi-da-gidanka da ta saya hannu na biyu. Da ma'adanarta mai gigabait 128 ta cika maƙil, sai na raka ta Farm Centre a Kano domin a sa mata babba. Mai gyara ya kwance bayan na'urar, ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo da ita wajenmu. Babu gurbin da za a zare wani abu, balle a cusa wani. Ma'adanar 'yan baƙaƙen ƙwayoyi ne da aka liƙe da dalma a jikin fanel, wato babban allon da komai yake zaune a kai. Ya ce, "Hajiya, wannan sai dai haƙuri." Allonta garau, madannanta lafiya lau, batirinta yana kai rabin yini. Duk da haka shawarar da ta rage ita ce a sayi wata.

Ina so in yi jayayya da masu cewa wannan shi ne kuɗin da dole a biya in ana son kwamfuta marar nauyi. Wani ɓangaren maganarsu gaskiya ne, kuma da shi zan fara, don kada a ce na yi musu rashin adalci.

Batun furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin na'ura, an riga an gama shi. A da, tana zaune ne a kan soket: ka juya ɗan sukuru, ka ɗaga ta, ka sa wadda ta fi ta ƙarfi. Zubi na 4 na kamfanin Intel, wanda ya fito a 2013, shi ne na ƙarshe da aka yi wa irin wannan soket a kwamfutocin tafi-da-gidanka na yau da kullum. Daga nan sai liƙewa da ɗaruruwan ƙananan ƙwallayen dalma a ƙarƙashinta. Soket yana da kauri, yana cin wuri, kuma kowane sabon zubi yakan zo da tsarin wayoyi da buƙatar wuta da suka bambanta da na baya. Saboda haka duk wanda ya yi maka alkawarin zai ɗaga furosesar siririyar kwamfutarka daga i5 zuwa i7 a shagonsa, ka riƙe aljihunka. Akwai gwanayen da ke iya narkar da dalmar su dasa wata, amma aiki ne na kasada, kuma sau da yawa kuɗinsa da haɗarinsa sun fi ribarsa.

RAM ma tana da uzurin da ya kai a saurara. Nau'in da ba ya shan batir sosai yana son zama kusa da furosesa, domin gajeriyar hanya ita ce sauri. Da Apple ya fito da M1 a Nuwamban 2020, sai ya ɗora RAM a kan ƙunshi ɗaya da furosesar, kuma ba mai musun cewa na'urorin sun yi sauri, batirinsu ya daɗe. Sai dai shi ma wannan uzuri ya fara tsufa. A ƙarshen 2023 aka amince da wani sabon tsari mai suna CAMM2, wanda ake ɗaure RAM da sukuru a kwance maimakon a liƙe ta, kuma a 2024 Lenovo ya sa nau'insa marar cin wuta a ThinkPad P1. Ashe hanya tana nan ga mai nema.

To, ma'adana fa? Nan ne uzuri ya ƙare.

Ma'adanar SSD mai zaruwa, irin da ake kira M.2, ƙaramarta faɗin milimita 22 ce, tsawon milimita 30. Ba ta kai akwatin ashana ba, kuma sukuru guda ke riƙe ta. Microsoft, wanda Surface Laptop ɗinsa na farko a 2017 ya sami sifili cikin goma a ma'aunin sauƙin gyara na iFixit saboda sai an yage shi kafin a buɗe, ya dawo a 2019 ya sa irin wannan ma'adana mai zaruwa a Surface Laptop 3, kuma na'urar ba ta kumbura ba. A 2021 wani ƙaramin kamfani a Amurka, Framework, ya fito da kwamfuta mai nauyin kilo 1.3 da kaurin da bai kai milimita 16 ba, wadda ake sauya ma'adanarta da RAM ɗinta da batirinta da sukudireba ɗaya. Har matsalar furosesa ya kewaye: in sabon zubi ya fito, fanel ɗin kawai za ka saya, ka bar allonka da madannanka da gangar jikin. In ƙaramin kamfani ya iya, manyan da ke da dubban injiniyoyi ba gazawa suka yi ba. Zaɓi suka yi.

Dalilin zaɓin yana rubuce a jikin farashi. Apple ya yi shekaru da dama yana karɓar dala 200 domin ɗaga ma'adanar MacBook Air daga gigabait 256 zuwa 512. A 2023 da 2024, ƙasa da dala 100 kan sayi SSD mai kyau ta terabait guda a kasuwa. Muddin akwai gurbi, mai saye zai ɗauki mafi araha ya je ya ƙara da kansa. In aka toshe gurbin, dole ya yanke shawarar shekara biyar ko shida a tsaye gaban kanta, a farashin da mai kaya ya ga dama. Wanda ya ji tsoro ya biya ƙari yau, wanda ya yi tsimi ya dawo sayen sabuwa gobe, kuma ko ta ina aka bi, kuɗin aljihu ɗaya suke faɗawa.

Abin da ya fi damuna ma ba farashin ba ne. SSD abu ne mai cinyewa, kamar tayar mota. Kowane ɗakin ajiya a cikinta yana da iyakar yawan rubutun da zai ɗauka. Kwamfutar da RAM ɗinta ta yi kaɗan kuwa tana aron wuri a ma'adana tana rubutu dare da rana, wato ƙarancin wannan yana gaggauta tsufan waccan. Wa zai yarda ya sayi motar da aka yi wa tayoyinta walda da gindinta? Sannan ga batun bayanai. In fanel ya ƙone, abin da ba baƙo ba ne a inda wuta ke zuwa da ƙarfi bayan ta ɗauke, ma'adana mai zaruwa sai a cire ta a sa a wani gida, cikin minti goma takardunka sun dawo. Wadda aka liƙe tana tafiya kabari tare da fanel, musamman in mabuɗin sirrinta yana cikin ƙwayar da ta mutu. Kundin digiri, shari'ar da lauya yake shiryawa, lissafin shekara na kamfani, duk sun rataya a kan allo guda.

Wannan tsari an zana shi ne da tunanin mai saye na farko, wanda ofishinsa a Landan ko Kalifoniya ke sauya masa na'ura bayan shekara uku. Mu kuwa mafi yawanmu magada ne. Kwamfutocin da ke cika Computer Village a Ikeja da shagunan Kano da Abuja sun riga sun yi rayuwa ɗaya a wani wuri, kuma abin da ya sa suke da amfani a nan shi ne ana iya yi musu sabuwar rayuwa: a ƙara RAM, a sa SSD, ɗalibi ya ƙare jami'a da ita. Tsofaffin ThinkPad da Latitude da EliteBook da haka suka riƙe ofisoshinmu. Zubin da ke tafe yanzu ya zo da gigabait 8 da ba ya ƙaruwa har abada. Ga kuma Windows 10 da Microsoft ya daina tallafa wa kyauta ga kowa a ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali Windows 11, in ban da 'yan ƙalilan, ba ta karɓar furosesar Intel da ta girmi zubi na 8. Miliyoyin na'urori masu lafiya sun zama marayu ta hanyar takarda. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta sharar lantarkin duniya a 2022 da tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida.

Mu ma da namu laifin. Tun ranar da Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga ambulan a Janairun 2008, sirantaka ta zama abin ado, mai riƙe da ita a taro yana jin ya fi na kusa da shi wayewa. Jami'in da ke sayo wa ma'aikata ko jami'a kwamfuta ɗari yakan rubuta girman allo da sunan furosesa a takardar kwangila, ya manta da layi ɗaya da zai ce dole ma'adana ta kasance mai zaruwa. Faransa tun 2021 ta wajabta liƙa makin sauƙin gyara a jikin kwamfutocin da ake sayarwa. Mu ko tambaya ba ma yi.

Da muka koma saya wa ƙanwata wata, na roƙi mai shago ya kwance bayanta kafin mu yi ciniki. Ya ɗan yi tsaki, ya ce ba a saba ba. Biyun farko da ya buɗe a liƙe suke. Ta ukun ta fi su nauyi da abin da bai kai kwalbar ruwa ƙarama ba, tana da gurbin M.2 da gurbin RAM guda a buɗe, kuma ita muka ɗauka.